Hannun Mai Walda a Falon Hedimasta

Hedimasta bai ɗaga murya ba. Tun da ya yi ritaya ya daina ɗaga murya. Sai dai ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga, ya mayar, sannan ya yanke hukunci. Haka ya yi wa Auta da yammacin nan, tana durƙushe gaban kujerarsa da jakar makaranta a kafaɗa, ko allin hannunta ba ta wanke ba.

Ya ce ba zai yi mata dole ba. Ita ba yarinya ba ce, malama ce mai ajin kanta, kuma a gidansa ba a taɓa aurar da kowa yana kuka ba. Amma shi ma ba za a yi masa dole ba.

"Shekarun da na yi ina koyar da 'ya'yan mutane sun fi shekarunki a duniya," in ji shi. "Ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da sai an karanta masa takardar asibiti ba. Ki gaya wa mai waldan nan naki, kafin a rufe makarantu ya zo, ya zauna a kujerar can, ya karanta abin da na miƙa masa, ya rubuta abin da na ce ya rubuta. In ya iya, na ba shi ke. In bai iya ba, kada in sake jin zancensa."

"Baba, ai an kusa raba zangon biyu."

"Ke ce malama. Sai ki yi sauri."

Gwaggo, yayar Hedimasta, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, tana gefe tana jiran inda za ta sa baki. Da ma tana da ɗan takararta. Sufeto ake ce masa, tsohon ɗalibin Hedimasta ne, yanzu shi ke zagaya makarantu yana duba aikin malamai, har da na Autar. Yana da mota, yana da ladabi, kuma ya gabatar da kansa tun bara. Gwaggo ta ce ita ba ta ga abin wahala ba, ga mutum ya zo da biro uku a aljihun gaba, an tsaya ana jiran wanda ko ɗaya bai san yadda ake riƙewa ba.

"Gwaggo, biro zan aura?"

Gwaggo ta ce ai ga irinta nan, duk karatun da aka ba yarinya a baki ya tsaya mata.

Auta ta miƙe. Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo a gabansu ba. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ta ji sharaɗi, ta kuma karɓa, amma a sani tun yanzu: in Mai Walda ya faɗi, ba shi ke nuna Sufeto ya ci ba. Hedimasta ya ce wannan kuma sai ranar ta zo.

Shi dai ya tabbata da wannan sharaɗi ya rufe zancen. Abin da ya yarda da shi, kuma malamai da yawa suke kai har gobe, shi ne karatu abin ƙuruciya ne, a benci ake shan sa, gaban allo, da bulala a kusa, wanda gemu ya riga ya fito wa kuwa kansa ya bushe. Ana faɗin wannan da ƙarfi ƙwarai, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna ya gwada ba. Hedimasta ya manta ita kanta Auta ba a benci ta koya ba. A cinyarsa ta koya, yana karanta jarida tana bin ɗan yatsansa, tana wannan fa, wannan fa, har ranar da ta karanto masa kanun labari ya kusa ƙwarewa da shayi. Yaron da ya tashi a gidan da takarda ke ko'ina ba ya sanin ranar da ya fara karatu. Shi ya sa in ya girma yake ɗauka wayonsa ne.

Shagon Mai Walda rumfar kwano ce a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Ƙasa baƙa ƙirin da garin ƙarfe, wayoyi sun nannaɗe a jikin ƙusa, ƙofofin da ba a gama ba sun jingina da bango kamar masu jiran layi. Nan aka ajiye shi yana ƙarami bayan rasuwar mahaifinsa, nan ya girma har shagon ya zama nasa. Makaranta ta taga ya san ta, don shi ya sa wa ajin Auta tagogi, kuma daga ranar ya ga tagogin suna bukatar dubawa a kai a kai.

Abin mamaki, rabin aikinsa haruffa ne. Shi ke yi wa shaguna da gidaje allunan ƙarfe. Mai aiki zai kawo masa rubutu a takarda, ya kwaikwayi zanen, ya yanka kowane harafi, sannan ya kife su a ƙasa, fuska ƙasa baya sama, ya jera daga dama, ya liƙe su ta baya don kada tabon wuta ya fito. Sai an gama an ɗaga allon mai shi yake ganin fuskarsa. Shi kuwa Mai Walda tuni ya koma kan wani. Shekara da shekaru yana haka. Ya san ƙeyar kowane harafi kamar yadda ya san tafin hannunsa, fuskar ce bai sani ba. Har suna ya raɗa musu: wannan tsani, wannan ƙugiya, wannan mai ciki biyu, wancan maciji.

Da farko Auta yadda aka koya mata ta yi. Ta kawo littafin 'yan aji ɗaya, ta zaunar da shi a benci, ta ce ya maimaita. Ƙaton mutum mai ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai ya zauna yana zufa a kan hoton kyanwa. Mai faci ya leƙo ta saman taya ya ce barka da ƙoƙari ɗan aji ɗaya mai gemu, in an tashi tara a zo a karɓi alawa. Duk layin suka sa dariya. Mako ya zagayo ba abin da ya shiga.

Ran nan ta jefa littafin a jaka. Ta ce ya kawo mata haruffan da ya yanka na wani allo, ta tattare zaninta, ta tsuguna a wannan baƙar ƙasa, ta birkice su ɗaya bayan ɗaya.

"Ga tsaninka. Gaishe shi ta gaba."

Ta karɓi allin da yake shata ƙarfe da shi, ta jawo fallen ƙarfe ya zama musu allo. Daga nan abu ya fara tafiya. A tsugune yake koyo, kamar yadda yake aiki. Allunan titin suka zama littafi: na mai fenti, na mai magani, rubutun bayan motoci. Da yawansu shi ya ƙera su, sai yanzu ya ji abin da suke cewa. Wata rana ya tsaya gaban wani da ya yi tuntuni, ya haɗa shi a hankali, ya dawo yana dariya, wai ashe duk shekarun nan tallan maganin basir ya rataya wa unguwa da hannunsa. Shi kansa mai faci ya rage tsiya. Ya koma jawo tayarsa kusa da bakin rumfar, wai nan ya fi inuwa, leɓensa na motsi.

Matsala ɗaya ce ta ƙi tafiya. In hankalinsa a kwance yake, hannunsa na farawa daga hagu kamar na kowa. Amma da wani abu ya taɓa masa rai, sai hannun ya koma gida: ya tafi dama, ya riƙa zana haruffan a kife, tsaf-tsaf, ba tare da shi ya sani ba.

Labarin malamar da ke tsugunawa a titi bai daɗe ba ya kai kunnen Gwaggo, daga kunnen Gwaggo kuwa zuwa na Sufeto ba nisa. Wata la'asar sai ga motarsa. Ya fito yana ɗage bakin wando kada ya kwashi baƙi, ya yi sallama da fara'a, har ya ba Mai Walda hannu. Sannan ya juya ga Auta, cikin taushin murya, ya ce shi ba don kansa yake magana ba, don martabar aikin ne. Aji ba rajista ba aji ba ne. Malamar gwamnati a ƙasa, a bakin titi, mutane na wucewa, in maganar ta kai ofis zai yi wuya ya iya tare ta, kuma akwai makarantu masu nisa da ke neman malamai.

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, ko miƙewa ba ta yi ba, "daga safe zuwa tashi ni ma'aikaciyarka ce, ka zo ka duba ni yadda kake so. Bayan an kaɗa ƙararrawa, gwiwoyina nawa ne."

Sufeto ya yi murmushi, ya dubi fallen ƙarfen, ya ce Allah ya ba da sa'a, shi ma an gayyace shi ranar jarrabawa.

Da motar ta tafi, Auta ta ce su ci gaba. Mai Walda ya ɗauki alli, ya rubuta layi guda, ya tsaya ya dubi fuskarta, ya dubi abin da ya rubuta. Duk a kife. Ya yi jifa da allin ya fashe a jikin bango.

"Malama, ki bar ni."

"In bar ka ka huta, ko in bar ka?"

"Kin ji abin da na ce. Za su ɗauke ki su kai ki wani daji saboda ni. Kin ɓata da mahaifinki saboda ni. Dubi zaninki. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, ba nan ne wurinki ba. Ni kuma hannun nan ya riga ya tsufa a haka."

Sai a lokacin hawayen da ta hana a gida ya samu hanya. Ba ta share ba. Ta ce ita ba ta tambaye shi inda ne wurinta ba. Ta ce tun tana 'yar mitsitsiya ake gaya mata inda za ta zauna, da wanda za ta gaisar, da irin mijin da ya dace da takardunta, kamar takardun ne za su yi zaman auren. Ta ce Sufeto bai taɓa yi mata tambayar da bai riga ya san amsarta ba, shi kuwa kullum sai ya tambaye ta abin da zai sa ta kwana tana tunani.

"In ba ka so na, faɗa mini yanzu in ɗauki jakata. Amma kada ka ce don ni kake yi. Kowa don ni yake yi. Na gaji da masu yi don ni."

"Kin san ina son ki."

"To ɗauko wani allin."

Can mai faci, ba tare da ya ɗago daga tayarsa ba, ya ce in ba a manta ba an tsaya ne a kan mai ciki biyu. Mai Walda ya yi 'yar dariya da jan ido, ya miƙa hannu cikin gwangwanin alli.

Ranar ta zo, bayan azahar. Falon Hedimasta ɗaki ne da ko malamai ke rage murya in sun shiga: kabad ɗin littattafai mai gilashi, takardun yabo a jere a bango, agogo mai ƙara, da kujeru masu laushin da mutum ke nutsewa ciki gwiwoyinsa su taso. Mai Walda ya zo da sabon ɗinki, ya goge hannu har ya yi ja, amma baƙin da ke gefen farce ba ya jin sabulu. Gwaggo na kusa da ƙofa. Sufeto na dama da Hedimasta. Auta da Inna, mahaifiyarta, suna bayan labulen da ya raba falo da tsakar gida.

Bayan gaisuwa Mai Walda ya roƙi alfarma a bar shi ya sauka ƙasa. Hedimasta ya ce baƙo ba ya zama ƙasa a gidansa, ya nuna masa kujera, ya miƙa masa jarida.

Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa. Ya sa ɗan yatsa. Sufeto ya ce a ƙa'ida ba a bin layi da yatsa, Hedimasta ya ce a ƙyale shi. Ya fara. Yana tafiya yana tuntuɓe, ya koma baya, ya sake ɗaukowa, wata kalmar sai ya tauna ta a baki kafin ya fito da ita. Amma yana tafiya. Labarin gyaran wata gada ne. Da ya kai ƙarshen sakin layin gaban rigarsa ya jiƙe. Inna ta damƙe hannun Auta. Hedimasta bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Ya ɗauko farar takarda ya ɗora a kan ɗan teburin gilashi.

"Rubuta abin da ya kawo ka gidan nan."

Sufeto ya zaro ɗaya daga cikin biron aljihunsa ya miƙa masa da hannu biyu. Siriri ne, mai santsi, a hannun Mai Walda kamar tsinken tsintsiya. Teburin ya yi ƙasa, kujerar ta yi zurfi, takardar na zamewa a kan gilashi. Agogo na bugawa. Gwaggo ta yi gyaran murya. Sufeto ya ce a hankali, ba gaggawa, ai ko yara ana ba su lokaci.

Ta tsagar labule Auta ta ga hannun ya tashi, ya yi jim, ya tafi gefen dama. Ta buɗe baki, Inna ta toshe mata shi.

Ya rubuta har ƙarshe, a tsanake, kowane harafi a tsaye kamar an auna. Ya ajiye biro. Sai da ya ga yadda Sufeto ya karkata kai yana leƙe sannan ya dubi takardar da kyau.

"Wannan kam sai an aiko da madubi," in ji Sufeto. Bai yi dariya da ƙarfi ba, kafaɗunsa ne kawai ke rawa. Gwaggo ce ta yi dariyar mutum biyu.

Hedimasta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce an yi sharaɗi a gaban shaidu, kuma kowa ya ga abin da ya gani.

Mai Walda ya taso daga cikin kujerar da ƙyar. Bai sunkuyar da kai ba.

"Baba, na faɗi. Ba zan ce ban faɗi ba. Amma a shagona, a ƙasa, da alli, na iya rubuta wannan. Ɗakin nan ne ban iya ba."

"Duniya ba shagonka ba ce, samari. Ranar da za a miƙo maka takarda, ba za a tambaye ka inda ka fi jin daɗin zama ba."

"Gaskiya ne. Amma kowa da inda ya fara."

Ya yi sallama ya fita. Ko takalmansa bai tsaya sawa daidai ba.

Auta ta yaye labulen. Gwaggo ta ce ta koma, akwai baƙo. Ta ce baƙon ai ya tafi, wanda ya rage ɗan gida ne, tun da har an ba shi kujerar alƙali. Sufeto ya tattara bironsa ya ce bari ya ba su wuri. Gwaggo ta raka shi tana cewa manyansa su zo ƙarshen mako kamar yadda aka tsara, yanzu ai hanya ta buɗe.

Auta ta durƙusa inda ta durƙusa ran farko. Wannan karon ba ta ɓoye kukan ba.

"Baba, ka ji shi ya karanta. Mutumin da farkon zangon nan bai san fuskar harafi ba, yau ya karanta maka jarida. In ɗan aji ɗaya ne ya yi haka da ka kira taro ka nuna shi."

"Na ce karatu da rubutu."

"Ka ce karatu da rubutu, ka kuma zaunar da wanda ke neman abin da yake nema a gefenka yana ƙirga masa numfashi. Wace jarrabawa ka taɓa yi haka?"

Hedimasta ya ce ta iya bakinta. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, sanin aiki ne. Hannun da ya kafe a haka ba ya juyuwa, ya ga irinsu, babba ba ya koyuwa, gara ta yi kukan yau da ta yi na shekaru.

"A ina ka gan su, Baba? Wane babba ka taɓa zaunarwa ka koya wa ya gagara? Faɗa mini ɗaya. Kai yara ka sani, yaran ma waɗanda iyayensu suka kawo maka da wanka da littafi. Ba ka taɓa gwadawa ba, ko sau ɗaya. Ga Inna nan."

Gwaggo da ta dawo ta tsaya da salati a baki. A gidan nan kowa ya san Inna ba ta karatu, kuma ba a faɗa. Takardar maganinta Auta ke karanta mata, kafin Auta yayyenta.

Inna ta shigo, ta tsaya a jikin kabad ɗin littattafan da take gogewa kullum. Ba ta saba magana a falon nan ba. Ta ce ita ba ta zo tayar da tsohon zance ba, amma tun da an ambace ta, yarinyar ba ta yi ƙarya ba.

"Ina amarya na roƙe ka ka koya mini, ka ce bari a yi hutu. Aka yi hutu ka ce ka gaji da 'ya'yan mutane. Da na haifi na uku ka ce ai yanzu kaina ya cika. Ban san ko ya cika ba, Malam. Ba a taɓa zuba komai ba balle a gani."

Ta juya ta koma tsakar gida. Hedimasta ya bi labulen da kallo har ya daina motsi. Da ya yi magana, Auta ya yi wa, kuma a karon farko tun ritayarsa muryarsa ta tashi. Ya ce zance ya ƙare. Kada ƙafarta ta sake taka shagon nan.

Auta ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe.

"Baba, ban taɓa yi maka ƙarya ba, ba kuma zan fara yau ba. Gobe in an tashi makaranta can za ni. Ina gaya maka ne don kada ka ji a bakin wani. Aure ka hana, na ji, ba zan yi shi ba da yawunka ba. Amma mutanen Sufeto in sun zo, Gwaggo ta tanadi abin da za ta gaya musu, don ni ba ni da shi. Aji kuma nawa ne. Ba a rufe shi ba."

Gwaggo ta ce wannan yarinya an shanye ta. Takardar na nan kan gilashi inda aka bar ta.

Da safe ba wanda ya yi wa wani magana a gidan. Auta ta koyar da ajinta da kumburarren ido, ta sa yara suka yi ta maimaita abu ɗaya har suka fara kallon juna. Tana tsoron abu biyu: ta je ta tarar ya rufe shago ya bar unguwar, ko ta tarar da shi ya ce mata abin da ya faɗa ran nan, wannan karon kuma da gaske. Da aka kaɗa ƙararrawa ta ɗauki jaka, ba ta bi ta gida ba.

Tun daga kwanar layin ta lura ba ƙarar walda. Mai faci na tsaye a bakin rumfar, hannu a baya kamar ɗalibin da aka sa tsaron ƙofa. Da ya gan ta ya ɗora yatsa a leɓe.

Daga ciki ta ji muryar da ta fi kowace sani a duniya.

"Wa ya ce ka ɗaga hannu? Ban ce ka ɗaga ba."

Hedimasta ne a tsugune a baƙar ƙasar nan, ya naɗe babbar rigarsa a cinya, ya dafa sandarsa da hannu ɗaya don gwiwa, gefen farar hularsa duk garin ƙarfe. Gabansa fallen ƙarfe. Gefensa Mai Walda, shi ma a tsugune, da alli a hannu, fuskarsa kamar wanda aka kama da sata.

Hedimasta bai juyo ba.

"Na ce kada ki zo."

"Na ce zan zo."

Ya zaro takardar jiya daga aljihu, ya juya bayanta, ya ɗaga ta saitin hasken da ke shigowa ta bakin rumfar. Rana ta ratsa ta. Daga inda Auta take tsaye ta ga rubutun ya miƙe, ya fuskance ta: Na zo neman auren Malama.

"Ko ta bayan ma akwai gyara," in ji shi. "Kin bar shi yana cusa manyan baƙaƙe a tsakiyar kalma. Wa ya koya miki haka? Ba ni ba." Ya ninke takardar ya mayar aljihu. "Je ki gida ki ce wa Gwaggonki ta aika wa mutanen nan su dakata."

"Su dakata har yaushe, Baba?"

"Ban ce na ba shi ba. Kada ki je ki ce na ce. Sharaɗi na nan, a falona, a kujerar nan, da biro. Na ba kaina zuwa buɗe makarantu. In ni ma na kasa juya hannun nan..."

Ya tsaya. Kalmar ba ta saba da bakinsa ba.

"In ka kasa fa?"

"Je ki inda na aike ki."

Auta ta sauke jakarta a kan benci. Ta ce saƙo zai jira a tashi, ita ba ta barin aji ana tsakiyar darasi. Ta tattare zani ta tsuguna a ɗaya gefen. Hedimasta ya dube ta ta saman tabarau, sannan ya ce in za ta zauna ta yi shiru, malamin da aka karɓe wa aji ba shi da baki.

Ya buga sandarsa a gefen fallen ƙarfen.

"Kai kuma, goge. Sake rubuta abin da ya kawo ka gidana. Ina kallon ka, ita ma tana kallon ka, ga na waje ma yana leƙe. Haka duniya take, ba za a kau da kai don kai ba."

Mai Walda ya goge da tafin hannu. Ya ɗaga allin. Hannun ya yi dama kaɗan, ya tsaya a sama. Auta ta cije leɓe har ta ji gishiri.

Allin ya sauka a hagu. Harafin farko ya fito a karkace, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma fuskarsa na kallon su.

"Mummuna ne," in ji Hedimasta. "Ci gaba."